WASAN GEM NA PHANTASY STAR DA DARASIN DA KE CIKINSA GA ƊALIBANMU

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai a Falgore



Ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro saboda damar da ya ba ni ta yin magana a gaban malamaina da yayyena. Batun da aka ɗora mini shi ne wasan gem, kuma kowa ya san dalili. Iyaye suna kokawa cewa yara sun tare a shagunan gem da kan wayar hannu, karatu yana ja da baya. Har wasu daga cikinmu sun ba da shawara ƙungiya ta janye niyyarta ta samar wa makaranta ɗakin kwamfuta, don gudun kada mu buɗe wani shagon gem da kuɗinmu a cikin makarantarmu. Wannan koke yana da tushe, kuma zan dawo kansa. Amma kafin mu yanke hukunci, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku tarihin wani wasa guda ɗaya da aka ƙera a ƙasar Japan, wanda galibinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Dalilin da ya sa ba mu ji shi ba, shi ne darasin da nake so mu tafi da shi gida.

MENE NE PHANTASY STAR?

Kamfanin Sega na ƙasar Japan ne ya fitar da Phantasy Star ran 20 ga Disamba, 1987, domin na'urarsa da ake kira Master System, wadda ake jona wa talabijin. A shekarar 1988 aka fassara shi da Turanci aka kai shi Amurka da Turai. Yana daga cikin wasannin da Turawa ke kira RPG, watau wasan da mutum zai shiga rigar jarumin wani labari, ya yi tafiya gari-gari, ya yi tambaya, ya karanta amsar da aka ba shi, ya yi ciniki, ya nemi abokan tafiya, har ya kai ƙarshen labarin. Don sauƙi, a wannan jawabi zan riƙa ce masa wasan labari.

Labarin ya faru ne a wasu duniyoyi uku da ke zagaye wata rana mai suna Algol. Akwai Palma mai dausayi da ruwa, akwai Motavia wadda hamada ce zalla, akwai kuma Dezoris ta ƙanƙara. Sarkin da ke mulkinsu, Lassic, ya fara da adalci, daga baya ya zama azzalumi. Dakarunsa na mutum-mutumi suka kashe wani saurayi mai suna Nero saboda yana binciken abin da sarki ke ƙullawa. Kafin ya cika, ya bar wa ƙanwarsa Alis wasiyya ta nemi wani jarumi mai suna Odin. To, wannan yarinya Alis ita ce jarumar wasan, kuma rigarta mai wasa zai shiga.

Tafiyar ba ta ƙarfi kaɗai ba ce. Alis za ta tarar an mayar da Odin dutse. Maganin da zai warware shi yana rataye a wuyan wata dabba mai kama da kyanwa mai suna Myau, wadda ke magana amma ba ta iya buɗe kwalba. Ita kuwa Myau tana hannun wani ɗan kasuwa a wata duniyar, ba zai bayar da ita ba sai an kawo masa wata tukunya ta musamman. Na huɗunsu, Noah, masanin sihiri ne, ba zai bi su ba sai da takarda daga gwamnan Motavia. Duk waɗannan bayanai a bakin mutanen gari suke, a rubuce a kan allon talabijin. Wanda bai karanta ba, ko ya karanta bai fahimta ba, zai yi ta yawo a wuri ɗaya har ya gaji.

Wani abin da ya bambanta shi da takwarorinsa na lokacin shi ne yadda ya gauraya takobi da bindigar haske, da sihiri da kumbo, da dodanni da mutum-mutumi a cikin labari ɗaya. Masu ƙera shi sun ɗauki darasi daga fim ɗin Star Wars. Haka kuma idan mai wasa ya shiga kogo, zai riƙa ganin bango da lungu kamar shi ne ke tafiya da ƙafarsa, abin da ya ba mutane mamaki ƙwarai a wancan zamani. Babu taswira a cikin wasan, saboda haka yara kan nemi takarda mai gida-gida irin ta darasin lissafi, su riƙa zana taswirar kogon da hannunsu, taki bayan taki.

SU WA SUKA ƘERA SHI?

Ƙannena ɗalibai, a nan nake so ku ƙara kasa kunne. Mutanen da suka yi wannan aiki ba su fi goma ba ko kusa da haka. Kotaro Hayashida ne ya jagoranci tsarin. Wanda ya rubuta manhajar, Yuji Naka, yana da shekara 22 a lokacin, kuma shi ne daga baya ya rubuta manhajar Sonic a 1991, wasan da da yawa daga cikinmu suka sani. Babbar mai zanen wasan kuwa mace ce, Rieko Kodama, 'yar shekara 24, wadda ta shiga Sega a 1984. Akwai wasu matan a cikin aikin, har da Chieko Aoki wadda ta yi aikin rubutun labarin. A zamanin da kusan kowane wasa namiji ne jaruminsa, sai suka ba mace ragamar labarin. An karrama Kodama da babbar lambar yabo ta masu ƙera wasanni a Amurka a 2019, ta rasu a 2022.

Duka wasan, da duniyoyinsa uku da garuruwansa da kiɗansa da rubutunsa, an cusa shi ne cikin kaset mai ɗaukar megabit 4, watau kilobayit 512. Hoto ɗaya da kuke ɗauka da wayar hannu ya fi wannan nauyi. Ashe ke nan ƙaramar wayar da ke aljihun ɗalibinmu ta ninka na'urar da waɗancan matasa suka yi wa aiki sau dubbai. Kayan aikinsu kaɗan ne, amma sun iya lissafi, sun iya zane, sun iya tsara labari.

YADDA DUNIYA TA KARƁE SHI

Mujallun wasanni na lokacin sun yaba masa saboda kyan zane da faɗin labari, sun kuma koka da wahalarsa da tsadarsa. A Amurka an sayar da shi kusan dala 70, kuɗin da ya wuce na sauran kasakasai nesa ba kusa ba. Daɗin daɗawa, ya fito ne a kan na'urar da ba ta yi kasuwa sosai ba a Japan da Amurka, inda kamfanin Nintendo ya mamaye ko'ina. Kwana biyu kacal kafin fitowarsa, ran 18 ga Disamba, 1987, wasan Final Fantasy ya fito a kan na'urar Nintendo, shi kuwa Dragon Quest ya riga su tun 1986. Saboda haka sunan waɗannan biyu ya fi nasa tashi, duk da cewa masana tarihin wasanni suna lissafa shi cikin waɗanda suka share wa wasan labari hanya.

Inda labarin ya fi shafarmu shi ne ƙasar Burazil. A can wani kamfani na 'yan ƙasa, Tectoy, ya karɓi wakilcin Sega, ya fara sayar da Master System a 1989. Mutanen Burazil harshen Fotugis suke yi, yawancin yaransu ba sa jin Turanci. Sai kamfanin ya fassara Phantasy Star zuwa Fotugis a 1991, a lokacin da fassara wasan gem zuwa wannan harshe baƙon abu ne. A shekarar nan kuma ya ɗauki wani wasan na Japan, ya cire jaruminsa ya sa Monica, wata yarinya ta cikin littattafan zane da kowane yaro a Burazil ya sani. Sakamakon haka na'urar da ta sha kaye a Amurka ta zauna da gindinta a Burazil shekaru da yawa, Phantasy Star kuma ya zama wasan da 'yan ƙasar suka tashi da shi suke tunawa.

An ci gaba da labarin a kashi na biyu a 1989, na uku a 1990, na huɗu a 1993, dukkansu a kan na'urar Mega Drive. Da na huɗun ya isa Amurka a 1995, an sayar da shi kusan dala 100. A shekarar 2000 aka fitar da Phantasy Star Online wanda ake bugawa ta intanet, a 2018 kuma aka sake fitar da na farkon a kan Nintendo Switch, wannan karon da taswira a ciki.

Kashi na biyun ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa. A cikinsa an nuna hamadar Motavia ta zama dausayi, domin wata babbar kwamfuta mai suna Mother Brain ta karɓi ragamar ruwan sama da noma da abinci. Mutane suka miƙe ƙafa, suka daina aiki, suka manta yadda ake gyaran komai. Ran da na'urar ta rikice, sai fari ya sauka, daga baya ruwa ya yi barazanar cinye ƙasa, har sai da jaruman suka bi madatsun ruwa huɗu suka buɗe su da hannunsu. A ƙarshe aka gane cewa baƙi ne daga wata duniya suka ƙera na'urar. Mu da muke maƙwabtaka da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a nan ƙasar Karaye, ba sai an yi mana dogon sharhi ba. Duk al'ummar da rayuwarta ta rataya a kan na'urar da babu ɗanta ko ɗaya da ya san cikinta, to da sauranta.

ME YA HANA SHI SHIGOWA ƘASARMU?

Wasan gem ya iso ƙasar Hausa, ba a bar mu a baya ba. A shekarun 1990 na'urori irin na Nintendo da Mega Drive sun shigo ta manyan kasuwanni irin su Sabon Gari ta Kano, yara suka san Mario da Contra da Sonic da Mortal Kombat. Da PlayStation ta zo, shagunan gem suka bazu a unguwanni, daga baya har garuruwa irin namu, wasan ƙwallon ƙafa ya zama sarki. Amma wasan labari irin Phantasy Star bai samu gindin zama ba. A ganina dalilai uku ne.

Na farko shi ne tsarin shagon gem kansa. Mai shago yana sayen fetur ya zuba wa janareta, saboda haka da wasa-wasa yake karɓar kuɗi: ku biyu ku zauna, minti goma a tashi, wasu su zauna. Wasan da ke bukatar sa'o'i masu yawa na mutum ɗaya, a ajiye yau a ci gaba gobe, ba zai fitar masa da kuɗin mai ba. Na biyu shi ne tsada da rashin wutar lantarki, waɗanda suka sa 'yan gidaje kaɗan ne suka mallaki na'urar a ɗaka.

Na uku, wanda ya fi su duka, shi ne harshe. Ƙwallo da dambe ba sa bukatar karatu, ido da yatsa sun wadatar. Wasan labari kuwa littafi ne da aka sa wa maɓalli. Yaron da Turancinsa bai kai ya karanta shafi ya fahimta ba, ƙofar a rufe take gare shi, kuma ba a samu wanda ya yi mana abin da Tectoy ya yi wa yaran Burazil ba. Mun ga misalin wannan a finafinan Indiya. Iyayenmu sun shekara da shekaru suna kallonsu a silima ba tare da jin harshen ba, domin fim ana iya bin sa da ido. Amma da masu fassara irin su Algaita a Kano suka fara juya su zuwa Hausa, kowa ya ga yadda suka shiga kowane gida, har tsofaffi a ƙauye suna ba da labarinsu. Abin da aka faɗa wa mutum da harshensa, shi ne ke zama nasa.

Saboda haka abin da ya iso wa yaranmu daga duniyar gem shi ne ɓangaren da ba ya bukatar karatu ko tunani mai tsawo. Ɓangaren da ke sa yaro ya buɗe ƙamus, ya zana taswira, ya yi lissafin kuɗin guzuri, ya yi haƙurin bin labari har ƙarshe, shi ne ya wuce mu.

MU MA MUNA DA NAMU

Kada wani ya ɗauka irin wannan labari sai Japan. A gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22, daidai shekarun Yuji Naka lokacin da ya rubuta manhajar Phantasy Star. Duk wanda ya karanta littafin ya san tsarinsa: Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya bi gari-gari, yana haɗuwa da Malam Zurƙe suna yi wa juna dabara, har ya shiga ƙasar aljannu. Wannan shi ne ainihin ginin wasan labari: abin nema, da tafiya, da abokin hamayya, da wuyar da sai an warware ta za a wuce gaba. A gasar nan ce aka samu Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, mutumin maƙwabtanmu. A 1969 kuwa, shekara 18 kafin Phantasy Star, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da ya yi tafiya sararin samaniya tare da wani baƙo mai suna Kolin Koliyo. In kuwa jaruma mace ake nema, ga Sarauniya Amina ta Zazzau, ga sarauniyoyin Daura.

Wasu 'yan Afirka sun riga sun gwada. A Yawunde ta ƙasar Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na kamfanin Kiro'o Games sun fitar da wasan labari mai suna Aurion a 2016, wanda suka gina a kan al'adu da tufafin Afirka, duk da matsalar ɗaukewar wuta da suka sha fama da ita. A Legas an kafa Maliyo Games a 2012 domin yin wasannin waya masu labarin gida. Hausa kuwa, mai miliyoyin masu magana da ita daga Kano zuwa Maraɗi har Kumasi, kasuwa ce babba ga duk wanda ya fara.

KOKEN IYAYE

Yanzu bari in dawo kan koken iyayenmu. Gaskiya ne gem yana iya cinye lokacin yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka a 2019, ga wanda wasan ya rinjaye shi har ya bar karatu da aiki da hulɗa da jama'a. Yaron da ke gudu daga aji zuwa shago, ko yake taɓa kuɗin cefane don ya buga wasa, wajibi ne a tsawata masa. Haka kuma duk wasan da aka sa kuɗi a kai don a ci ko a cinye, caca ce, ba ta da mazauni a cikin abin da nake magana. Akwai kuma wasannin da abin da ke cikinsu bai dace da tarbiyyarmu ba, shi ya sa tilas babba ya duba kafin yaro ya taɓa. Game da dodanni da sihirin da ke cikin irin su Phantasy Star, mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo mun san ƙagaggen labari, mun san ana rufe shi da ƙurunƙus.

To amma hana makaranta kwamfuta ba zai rufe shagon gem ko ɗaya ba, ba zai kuma cire waya daga hannun yaro ba. Abin da zai haifar shi ne yaronmu ya ci gaba da zama mai danna abin da wasu suka ƙera, ga shi kuma zai je jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta, bai taɓa zama gaban na'urar ba.

SHAWARWARI

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara kamar haka:

1. A ci gaba da shirin ɗakin kwamfuta, a haɗa shi da wutar sola, a kuma ɗora shi a hannun malami guda mai jadawali, domin ɗakin da ba mai kula da shi ne ke zama shago.

2. A haɗa shi da ɗakin karatu. Kowane tsohon ɗalibi ya kawo littafi biyu, ɗaya na Hausa ɗaya na Turanci. Ɗalibin da zai zauna gaban kwamfuta a lokacin hutu ya fara kawo taƙaitaccen bayanin littafin da ya karanta a wannan mako.

3. A koya wa ɗalibai manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don koya wa yara tsara manhaja. Kyauta ce, kuma tana aiki ko babu intanet.

4. A sa gasa ta shekara-shekara: ɗalibai huɗu ko biyar, maza da mata, su haɗu su ƙera ɗan gajeren wasan labari da Hausa, wani ya rubuta, wani ya zana, wani ya tsara manhaja. Su ɗauko labarin daga tatsuniya ko daga tarihin garuruwanmu, su je su tambayi dattawan Falgore da Rogo da Karaye tun suna raye. Ƙungiya ta ba da kyauta a irin wannan taro.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, matasa kusan goma ne suka zauna a Japan a 1987 da na'urar da ba ta kai wayar aljihunmu ba, suka yi aikin da ake tunawa da shi bayan shekaru fiye da 35. Inda aka juya shi zuwa harshen mutane ya karɓu, inda ba a juya ba ya wuce kamar ba a yi shi ba. Ku ƙannena ɗalibai, ku riƙe Turanci da lissafi domin su ne mabuɗin kayan aikin, ku kuma riƙe Hausa da labaranta domin su ne abin da za ku zuba a ciki. Mu kuwa yayyenku, abin da ya rage mana shi ne mu sa hannu a aljihu. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, saboda haka ina roƙon shugaban taro ya sa wannan batu cikin abubuwan da za a yanke shawara a kansu kafin mu watse yau.